Lantarkin Hasken Rana da na Man Fetur: Wanne Ya Fi Fitar da Iskar Kabon?

Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da ke kudancin Jihar Kano, janareta da injin ban-ruwa sun daɗe da zama abokan sana'ar mai walda da mai shago da manomin rani. Tun daga watan Mayun 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, jama'a da dama sun koma ga farantin sola domin tsadar mai. Sai dai akwai masu cewa ƙera farantin kansa yana fitar da hayaƙi mai yawa, don haka babu wani bambanci tsakaninsa da janareta. Wannan maƙala za ta auna wannan magana da ma'aunin kimiyya.

Daga Ina Iskar Kabon Take Fitowa?

Kwal da man fetur da dizal da iskar gas duk ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu da suka daɗe binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma babban sinadarin da ke cikinsu shi ne kabon. Idan aka ƙona su, kowace ƙwayar kabon takan haɗu da ƙwayoyi biyu na iskar oksijin, sai a sami iskar kabon-dayoksaid, wadda za a riƙa kira iskar kabon a nan. Nauyin ƙwayar kabon 12 ne, na ƙwayoyin oksijin biyu kuwa 32, wato ke nan giram 12 na kabon yakan haifar da giram 44 na wannan iska. Wannan ne ya sa lita ɗaya ta fetur, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, take fitar da kimanin kilo 2.3, litar dizal kuma kimanin kilo 2.7.

Illar wannan iska ita ce takan riƙe zafin da ƙasa take mayarwa sama, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Tun a shekarar 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu akwai kashi 280 cikin miliyan ɗaya na iskar sararin samaniya, amma a shekarar 2024 adadin ya haura 420. Ƙarin zafi da rikicewar damina kuwa manomin masara a Doguwa da Tudun Wada suna cikin waɗanda suka fi jin su a jika.

Bashin da Ke Kan Farantin Sola

Farantin sola ba ya ƙona komai yayin da yake aiki. Haske ne yake faɗa wa sinadarin silikon da ke cikinsa, ya motsa ƙwayoyin lantarki su bi waya. Amma masu suka suna da gaskiya ta wani ɓangare. Ana samun silikon ne daga farin dutse, wanda ake gasawa tare da kabon a cikin tanderu mai tsananin zafi, sannan a tace shi, a narkar da shi a zafin da ya haura digiri 1,400. Haka kuma ana buƙatar gilashi da sanholo da jan ƙarfe, ga kuma jigila a jirgin ruwa da mota. Bugu da ƙari, fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan aiki a ƙasar Sin ake yin sa, inda yawancin lantarki daga kwal yake fitowa.

Domin yin adalci, masana sukan tara dukkan iskar kabon da aka fitar tun daga haƙo dutse har zuwa ranar da aka jingine faranti, sai su raba da yawan yunit na lantarki da ya bayar a rayuwarsa. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 take sha a awa ɗaya. A rahoton shekarar 2014 na kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, matsakaicin adadin kowane yunit shi ne: kwal giram 820, tashar iskar gas ta zamani giram 490, babbar tashar sola giram 48, sola ta kan rufi giram 41, madatsar ruwa giram 24. Wato ko da an ɗora wa sola dukkan bashinta, abin da take fitarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na iskar gas ba.

Dalilin wannan tazara shi ne, bashin faranti sau ɗaya ake cin sa, a masana'anta. A wuri mai rana sosai yakan mayar da makamashin da aka kashe wajen ƙera shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, alhali yana iya aiki shekara 25 ko fiye. Inji kuwa kullum aka tayar da shi sai ya ci sabon bashi.

Lissafin Kudancin Kano

Mafi yawan wutar da ke kan babban layin lantarki na Nijeriya tana fitowa ne daga tashoshin iskar gas irin su Egbin a Jihar Legas da Geregu a Jihar Kogi, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. A yankin nan ma akwai Madatsar Ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma gina mata tashar lantarki mai megawat 10 daga baya. Amma a ƙauyen da layi bai kai ba, ko a fadamar da ake noman rani, ƙaramin inji ne ainihin abin da sola take maye gurbinsa, kuma shi ne ya fi kowa ɓarna.

Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit 9, amma ƙaramin janareta da kyar yake mayar da kashi ɗaya cikin biyar ya zama lantarki, sauran yana tafiya a zafi da ƙara. Idan aka raba kilo 2.3 da yunit 2, za a ga kowane yunit ya haura giram 1,100, wato ya zarce na kwal.

A rana irin ta Kano, faranti masu ƙarfin wat 1,000 sukan ba da kimanin yunit 1,600 a shekara, ke nan kusan yunit 40,000 a shekara 25. Bashinsu gaba ɗaya bai kai tan 2 ba. Da a tashar iskar gas aka samar da wannan wuta, da an fitar da kusan tan 20, da ƙaramin janareta kuwa fiye da tan 44. Haka nan, a ɗauka wani manomin rani a Kiru yana ƙona lita 4 a kullum har kwana 100. Lita 400 ke nan, wato kilo 920 na iskar kabon a rani guda. Cikin rani biyu injinsa ya fitar da kwatankwacin abin da waɗancan faranti za su ci a duk rayuwarsu.

Jihar Kano tana da manyan misalai guda biyu da ɗalibi zai iya gwada wannan lissafi a kansu: tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, da kuma mai megawat 10 ta Kumbotso da aka buɗe a watan Janairun 2023. Bisa ƙiyasin da ya gabata, tasha mai girman ta Kumbotso za ta iya hana fitar kimanin tan 7,000 a shekara idan aka kwatanta da iskar gas.

Abubuwan da Ke Rage Ribar

Na farko shi ne batir. Ƙera shi yana da nasa bashin, kuma batir mai dalma da ruwan asid ba ya daɗewa a wuri mai zafi, sai an canza shi sau da yawa kafin faranti ya tsufa. Saboda haka aikin da ake yi da rana tsaka, kamar ban-ruwa da cika tankin rijiyar burtsatse, shi ya fi riba, domin ruwan da aka tara a tanki ya tsaya a madadin batir. Na biyu shi ne ƙura, musamman ta hunturu, wadda take tare haske. Farantin da ba a gogewa yana ba da yunit kaɗan, sai rabon bashin kowane yunit ya ƙaru. Na uku shi ne wurin kafawa. Itatuwa irin na Dajin Falgore ma'ajiyar kabon ne, don haka sare su domin shimfiɗa faranti asara ce. Rufin ɗaki da ƙasar da ba ta noma sun fi dacewa.

Kammalawa

A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, Nijeriya ta yi alkawarin daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda take shanyewa nan da shekarar 2060. Alƙaluman da suka gabata sun nuna cewa kowane injin ban-ruwa da aka maye gurbinsa da sola a Bebeji ko Doguwa yana rage wannan iska fiye da yadda faranti iri ɗaya zai rage a birnin da ke kan layin lantarki. Sharaɗin kawai shi ne a sayi faranti mai inganci, a riƙa goge shi, a kuma tsara aiki ya dace da lokacin rana.