Matsayin Labarin Na'ura a Ma'aunin Malaman Hadisi

Darasin wannan mako ya shafi na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda mutane suka rungume su tun lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda abin yake aiki. An ɗura wa na'urar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wata. Idan aka yi mata tambaya, sai ta jera kalmomi bisa wannan kirdado, watau ba ta jiyo zancen daga bakin wani malami ba. Saboda haka takan dace da gaskiya sau da yawa, wani sa'in kuma ta ƙaga abin da babu shi, ta kawo shi cikin lafazi mai daɗi ba tare da ta yi ko gezau ba.

Abin da ya auku a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka a 2023 ya isa misali. Wani fasinja ya kai ƙarar kamfanin jirgin sama na Avianca, lauyoyinsa kuwa suka miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da hukunce-hukunce shida na shari'o'in da suka ce an yi a baya. Da aka bincika sai aka tarar ba a taɓa yin ko ɗaya ba, ChatGPT ce ta ƙago su, da sunaye da lambobi. Abin mamaki ma, lauyan da ya nemo su ya koma ya tambayi na'urar ko gaskiya ne, ta ce masa gaskiya ne. A watan Yuni na shekarar Alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000, ya kuma bayyana cewa amfani da na'ura ba laifi ba ne a kan kansa, laifin shi ne sa hannu a kan abin da ba a tantance ba.

Malaman Hadisi sun daɗe da sanin wannan hanya. Ba su karɓar labari sai da isnadi, kuma sukan nemi abu biyu ga kowane marawaici, watau adalci da kiyayewa. To na'ura ba ta da isnadi, ba kuwa za a ce mata adila ko fasiƙa ba, tunda ba ta da niyya balle a ɗora mata hukunci. Tambayarta ta tabbatar da maganarta daidai yake da a sa marawaici ya wanke kansa da kansa, alhali kuwa malaman jarhi da ta'adili ba su taɓa yarda da haka ba. Nauyin dai yana wuyan wanda ya ɗauko zancen ya yaɗa, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari tun kafin a cuci wasu da jahilci.

Haɗarin ya fi tsanani idan aka zo kan Hadisi. Na'urar ta iya nahawu, tana iya kawo jumlar Larabci wadda i'irabinta bai karye ba, ta ce Buhari ne ya ruwaito, har da lamba. Amma fasahar lafazi ba ta taɓa zama hujja ba. Da yawa daga hadisan ƙarya da Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan Hijira, ya tara a littafinsa Al-Maudu'at, Larabcinsu lafiya lau yake. Gargaɗin da ya zo a kan jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba kuwa, yana cikin hadisai mutawatirai.

Ɗalibi yana iya neman taimakonta wajen fassarar kalma ko tsara wasiƙa. Idan ta ambaci aya sai ya buɗe Alƙur'ani, idan ta ambaci hadisi ya nemo shi a littafin da ta ce, babi da lamba, in bai same shi ba ya bar shi. Fatawar aure, saki da gado kuwa a kai ta gaban malami wanda zai saurari ɓangarorin duka ya yi musu tambayoyi.