Editan fasaha: mai tambayar "wa zai karanta wannan?"

A daminar bara na haɗa wa wani dillalin taki a Funtuwa 'yar manhaja mai tura wa manoman Bakori da Malumfashi saƙon tes idan sun biya kuɗin buhu. Ran da sabis ya yi rauni, abin da ya shiga wayoyinsu shi ne "Error 504". A wurina bayani ya cika: sabar ba ta amsa da wuri ba. Wani manomi kuwa ya ɗauka kuɗinsa sun salwanta, ya hau mashin ya taho shago rai a ɓace.

Irin wannan giɓin editan fasaha ke cikewa. Kamfanonin manhaja na ɗaukar sa aiki don ya karanta rubutun injiniyoyi kafin ya fita. Gyaran nahawu shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Ni ba ni da kuɗin ɗaukar kowa, sai na kai wa wani tsohon malamin gona a unguwarmu.

Ya ce, "Yaro, wa zai karanta? Me kake so ya yi in ya karanta? Kuɗin sun fita ko ba su fita ba?"

Ta ukun nan ta kayar da ni. Lambar 504 ba ta nuna an cire kuɗi ko ba a cire ba, ashe manhajar ma ba ta dubawa. Sai da na koma na gyara kod ɗin kafin na iya rubuta jimla ɗaya ta gaskiya.

Daga nan labari ɗaya ya zama rubutu uku. Ga ɗan'uwana mai kod: lambar kuskuren, lokacin da ya faru, da inda ya tsaya. Ga dillali: biya nawa ne suka maƙale, da yadda zai tantance su. Ga manomi: "Baba, muna duba biyanka. Kada ka sake turawa. Za mu sanar da kai kafin la'asar."

Nan ma akwai tarko. Saƙon tes ɗaya na ɗaukar harufa 160, amma da ka sa ƙ, ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, saƙon ya rabu, kuɗin turawa ya ƙaru. Cire lanƙwasar kuma na iya mayar da ƙafa ta zama kafa. Edita nagari yakan nemo wata kalmar ne. Shi ya sa "biyanka" ya maye gurbin "kuɗinka".

Aikin ba baƙo ba ne a yankinmu. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta daɗe tana mayar da binciken masana ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da manomi zai gane. A irin makarantar nan malamin nawa ya goge. Da ya ga na rubuta milimita na maganin feshi, cewa ya yi in auna da gwangwanin madara tukuna, in faɗa wa manomi gwangwani nawa ne.

Kafin ka saki manhajarka, miƙa wayar ga wanda bai san kod ba, ka yi shiru, ka ji abin da zai ce ya gane.