Aikin Ɗalibin Harshe a Ɗakin Tace Fim

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka aikin fim yana ƙarewa ne ranar da aka kashe kyamara. A wannan 'yar maƙala ina so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga abin da ke biyo baya, wato aikin situdiyo, domin a nan ne ake da gurbin wanda ya karanci harshe.

Mu fara da kalmar "tacewa". A bakin 'yan fim na Kano tana da ma'ana biyu. Akwai tacewar edita, wanda ke zama gaban kwamfuta da manhaja irin Adobe Premiere yana yanke hotuna, yana jera fitowa bayan fitowa, ya daidaita sauti da launi, ya ɗora kiɗa. Akwai kuma tacewar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, mai duba ko fim ya dace da addini da al'ada. Saboda haka idan furodusa ya ce fim ɗinsa yana wajen tacewa, sai ka tambaye shi wacce.

Daga fitowar Turmin Danya a 1990 zuwa yau masu kallo sun ƙaru ƙwarai, musamman da zuwan tashoshi irin su Africa Magic Hausa da Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Cikinsu akwai waɗanda ba su jin Hausa, sun dogara ga fassarar da ke bayyana a ƙasan allo. Wannan fassara ba irin ta aji ba ce. Ƙa'idar da kamfanoni kamar Netflix ke bi ita ce layi biyu kacal, kowanne kada ya wuce harafi 42, kuma rubutun kada ya wuce daƙiƙa 7 a allo. To, ina za ka saka doguwar gaisuwar Bahaushe? Dole ka taƙaita. Amma akwai abin da ba ya taƙaituwa. Ingilishi na da kalma ɗaya ga baffa da kawu, ɗaya kuma ga goggo da inna. Idan labarin rikicin gado ne, mai kallo na buƙatar sanin dangin uba ne ke magana ko na uwa, in ba haka ba zaren labarin ya tsinke masa.

Ɗora murya, irin wanda Algaita ta yi suna da shi a fina-finan Indiya, ya fi kusa da darasinmu na ilimin furuci. Duk inda jarumi ya haɗe leɓɓansa, ana son baƙin baleɓe ya faɗo daidai nan, kamar b ko m. Sai mai fassara ya yi ta juya jimla har ta hau bakin.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Sau da yawa za ka ga an rubuta Daɗin Kowa da d, alhali wannan lanƙwasa ita ce ta raba ƙafa da kafa, ɓari da bari. Ire-irenmu da muka tashi a Azuba, muka tsinci Hausa a kasuwa da makaranta ba a ɗakin uwa ba, nan ne muka fi tuntuɓe, domin Hausar titin Lafiya ba ta cika raba k da ƙ ba. Ni dai ba na miƙa rubutu sai na bi shi da ƙamus. Kuma tun ranar farko ka roƙi edita ya buga maka ƙ da ɗ da ɓ a allonsa, saboda wasu nau'o'in rubutun kwamfuta kan mayar da su akwati. Ka nemi ganin kwafin ƙarshe kafin a kai shi tasha.