Murjani da Nutso a Gaɓar Bahar Maliya: Matsalar Kalmomin Fannu a Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya tun kafin ya san inda yake tsirowa. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma almajiri yana cin karo da ita a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Wannan maƙala ta dubi wuraren nutso da ke gaɓar Sudan, domin gwada ko kalmomin da muke da su za su iya ɗaukar bayanin abin da ke ƙarƙashin teku. An zaɓi Sudan ne saboda ta Suwakin alhazan ƙasa suka riƙa tsallakawa zuwa Jidda, wasunsu kuma suka yada zango a can, zuriyarsu na nan har yau.

2.0 Murjani Iri Biyu

Jan murjanin da ake ɗurawa a zare asalinsa daga Bahar Rum yake, fatauci ne ya kawo shi ƙasar Hausa. Wanda masu nutso ke zuwa kallo daban ne. Wasu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi da sinadarin farar ƙasa, gida bisa gida, har ya zama tudu a cikin ruwa mai ɗumi wanda hasken rana ke ratsawa. Da irin wannan dutse aka gina tsofaffin gidajen Suwakin, shi ne kuma ya ƙuntata mashigar jiragenta har aka koma Port Sudan a farkon ƙarni na 20. Mai fassarar da ya rubuta "murjani" kawai ya bar mai karatu da hoton tsakiyar ado. A ra'ayin mai wannan nazari, "tudun murjani" ya fi dacewa, domin shi ne ya yi kusa da "sha'ab" ta Larabcin yankin.

3.0 Wuraren Nutso

Sanganeb tudun murjani ne mai siffar zobe, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, da hasumiyar jagorar jirage a kansa. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da mashigin Dungonab. A Sha'ab Rumi ne Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidajen ƙarfe a zurfin kimanin mita 10 a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Kusa da Port Sudan kuma akwai Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar a 1940 maƙare da bama-bamai. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya durƙusar da harkar baƙi a waɗannan wurare.

4.0 Iyo, Nutso da Iska

Hanyoyin kallo biyu ne. A ta farko mutum yana kwance a saman ruwa da tabarau a fuska, yana numfashi ta gajeren bututu. "Iyon leƙe" ya wadatar a nan. A ta biyu yana sauka ne da tukunyar ƙarfe a bayansa, wato na'urar da Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a 1943. Sarkawan Kabi sun san nutso, amma nasu na riƙe numfashi ne, don haka dole a yi wa kalmar ƙari. An so a ce "nutso da goran iska", sai dai goran masunci ɗaga shi yake yi, ba ya kai shi ƙasa. "Nutso da tukunyar iska" ya fi aminci.

Inda kuskure ke da haɗari shi ne kiran ta "tukunyar oksijin", kamar yadda ake yawan ji. Abin da ke cikinta iska ce irin wadda muke shaƙa, an dai matse ta, kuma oksijin bai wuce kashi 21 cikin 100 nata ba. Zallar oksijin kan zama guba idan aka zarce zurfin mita 6 ko makamancin haka. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin sama, sai naitirojin ya riƙa narkewa cikin jini. Wanda ya yi gaggawar tasowa, iskar kan yi kumfa a jikinsa kamar an buɗe kwalbar lemo. Shi ya sa ake tsayar da sabon shiga a mita 18, ƙwararren mai nishaɗi kuma a mita 40. Hausa ba ta da suna ga wannan ciwo tukuna. Muna ba da shawarar "ciwon tasowa", muna kuma jiran abin da Hausawan Port Sudan da ke aiki a jirage suke kiran sa.