Amsoshin Tambayoyinku: Shin masu harba igwa daga cikin mota hutawa suke yi?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Na ga hoton sojojin Amurka suna harba igwar turmi daga cikin mota mai sulke. Ashe ba su suka fi kowa samun sauƙi a fagen daga ba, tunda ba sa dakon kaya, kuma ba sa ido biyu da abokan gaba?"

Malam, ta fuskar dako ka yi gaskiya. Igwar turmi mai faɗin baki milimita 120 ta haura kilo 140, kowane harsashinta kuma ya haura kilo 13. Shi ya sa sojojin Amurka ke girka ta a cikin mota mai tafiya kan sarƙa, M1064, ko mai taya takwas ta Stryker. Ana buɗe rufin, a juya bakin igwar, a harba daga ciki. Harsashin yakan kai nisan kilomita 7.

Sai dai sauƙin iyakarsa ke nan. Mutum huɗu ne a cikin M1064, a matse tsakanin igwa da tarin harsasai. Wanda suke harbi ba sa ganinsa. Wani soja ne can gaba yake hango wurin, ya sanar da masu lissafi, su kuma su turo lambobi ta rediyo. Mai saiti ya murza har kumfar ma'auninsa ta tsaya cak a tsakiya. Mataimakinsa ya ɗaga harsashi da hannu biyu, ya zura gindinsa a bakin bututun, ya jira umarni, ya saki, ya sunkuyar da kai nan take. A minti na farko ana iya sakin har 16. Lamba ɗaya ta kuskure, wutar tana iya sauka a kan 'yan uwansu, kuma wannan fargaba ba ta barin zuciyar mai saiti ko da an tashi daga aiki.

Kuskuren ɗuri ma kisa yake yi. A watan Maris na 2013, sojojin ƙundumbala na ruwa bakwai suka mutu wajen atisaye a Hawthorne ta jihar Nevada, bayan an zura harsashi na biyu alhali na farko bai fita ba. Waccan ƙaramar igwa ce ta ƙasa, to ina ga babba a cikin akwatin sulke cike da albarushi?

Ga kuma gudu. Harsashin turmi sama yake yi sosai kafin ya faɗo, don haka na'urar rada tana saurin gano inda ya taso. Da an harba sai a rufe a bar wurin. Tun daga 2022, yaƙin Ukraine ya ƙara musu wata masifa: jirage marasa matuƙa da ke shawagi suna farautar irin waɗannan motoci.

Abin da ya fi damuna shi ne raunin da ba ya zubar da jini. Kan mai zura harsashi yana dab da bakin igwar, kowane harbi kuma iskarsa tana dukan ƙwaƙwalwa. Da yawa daga tsofaffin masu wannan aiki suna kokawa da ƙarar kunne, ciwon kai, mantuwa da rashin barci. Sai a watan Agusta na 2024 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da sabuwar ƙa'ida kan iyakar wannan duka. A ganina an makara ƙwarai. Kamfanin Patria na ƙasar Finland ya ƙera igwar NEMO wadda ake ɗura wa harsashi daga ciki, rufi a kulle, kuma wannan ita ce hanyar da ta dace a bi.

Don haka Malam, mota ta sauke musu kaya daga baya, amma ba ta ba su hutu ba.