Baba ya fara mantuwa: gigin tsufa ne ko hawan jini?

Likita, Ina aure a Tsafe, mahaifina kuma yana Bungudu, shekarunsa 68. Ya fi shekara goma yana fama da hawan jini da ciwon suga, amma da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya ajiye magani. Tun bayan Babbar Sallah muka ga ya canza. Yakan rikice a lissafin raka'o'i, ya tambayi abu ɗaya sau uku a zama guda, kwanan baya ma ya fito masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai yara ne suka rako shi. Yayyena sun ce gigin tsufa ne, gwaggo ta ce jifa ne. Na ji an ce akwai gwajin jinin da ke nuna cutar mantuwa. Mu nema masa?

Ɗiyarku daga Tsafe

Ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya. Dattijon da ya ɓata tsakanin masallaci da ƙofar gidansa ciwo ne ke damunsa, kada a bar shi a kan tsufa.

Gwajin da kika ji gaskiya ne. A cutar mantuwa ta Alzheimer wasu sinadarai biyu, amiloyid da tau, suna taruwa a ƙwaƙwalwa shekaru kafin mantuwa ta bayyana, kuma a watan Mayun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke auna alamunsu. Sai dai ban ba ku shawarar ku fara da shi ba. Ciwon ƙoda, wanda suga da hawan jini ke jawowa, yakan ɗaga wasu daga cikin waɗannan alamu a jini, har sakamakon ya ruɗa mai karanta shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin da Baba ke ajiyewa. Ƙananan jijiyoyi masu sirantaka kamar gashi ne ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Hawan jini yana taurara su, suga yana lalata bangonsu, sai wasu su toshe a ɓoye, ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba. Kowace toshewa tana tafiya da ɗan abin da mutum ya sani. Wani bincike da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka: masu kamuwa da mantuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma a lokacin hawan jini da suga sun fi yawa a can. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar mantuwa, ciki har da hawan jini, suga, kitsen jini da taba.

Ku kai shi Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, tare da duk kwalayen magungunansa da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, don shi zai ba likita labari. A duba jini, suga, ƙoda da bitamin B12, domin maganin suga na metformin yakan rage shi, kuma ƙarancinsa yana kawo mantuwar da ke gyaruwa. Faɗuwar suga ma tana rikita tsoho. Daga yau wani ya riƙa miƙa masa magani da hannunsa, a rage gishiri da dunƙule a miya. Idan ya maimaita tambaya, a amsa masa da sakin fuska, a kuma samu jikan da zai riƙa raka shi jam'i.

Ke ma, ranar da za ku je, ki miƙa hannu a auna naki jinin, ke da yayyenki.