Birnin Ikko: Tarihinsa, Bunƙasarsa da Dangantakarsa da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Ikko shi ne sunan da Hausawa suke kiran birnin Legas da shi, kuma sun aro shi ne daga "Eko", sunan da mazauna wurin suka san garinsu da shi. Tsakanin Sakkwato da Ikko akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, amma galibin hajar ƙasashen waje da ake gani a shagunan Gawon Nama ta bakin ruwan Ikko ta shigo. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya fahimci yadda birnin ya kafu, da yadda tasharsa ta juya akalar kasuwancin ƙasar Hausa daga Sahara zuwa teku, da kuma rawar da Hausawa suka taka a cikinsa.

1.1 Asalin Birnin

Ikko tana bakin Tekun Atilantika, a kan wasu tsibirai da ke tsakanin teku da wani makeken tafki. Aworawa, wani reshe na Yarabawa, su ne suka fara zama a wurin suna su da noma. Daga baya garin ya shiga ƙarƙashin ikon daular Benin. A shekarar 1472 Turawan Fotugal suka iso gaɓar, kuma daga harshensu aka sami sunan "Lagos", wato tafkuna.

Cinikin bayi ne ya fara ɗaukaka garin, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. Daga cikin waɗanda aka loda a jiragen ruwa akwai Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen wancan zamani, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil. A can ne bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, suka yi shahararren boren nan na 1835. A 1851 Ingilishi suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka tumɓuke Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye. A 1861 kuma ɗansa Dosunmu ya sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa garin ga Ingila.

1.2 Tasha da Layin Dogo

Abubuwa biyu ne suka mayar da Ikko babban birni. Na farko shi ne gyaran mashigar ruwa. A da, wani tudun yashi ya tare bakin tafkin, don haka manyan jirage kan tsaya a teku, ƙananan jirage su yi jigilar kaya zuwa gaɓa. Da aka gina katangun duwatsu aka yashe mashigar, sai manyan jirage suka fara shiga a 1914. A 1926 aka kammala matsayar jirage ta Apapa.

Na biyu shi ne layin dogo. Ya kai Ibadan a 1901, zuwa 1912 an haɗa Ikko da Kano, a 1929 kuma reshensa ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda. Kafin wannan lokaci, fatake kan ɗauki fatun jar akuyar Sakkwato da jemammun fatun Kano a kan raƙuma, su keta Sahara zuwa Tarabulus cikin watanni. Da jirgin ƙasa ya zo, sai tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki zuwa bakin teku. Sannu a hankali ayarin Sahara ya mutu, gyaɗa da auduga da fatu suka fuskanci kudu. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka shahara da ita, buhuna ne da aka tara suna jiran tarago ya kai su Apapa.

1.3 Bunƙasar Birnin

A 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, Ikko ta zama babban birnin Nijeriya. An ƙirƙiri Jihar Legas a 1967. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun jawo cunkoso, har a 1975 ɗaruruwan jirage ɗauke da siminti suka yi watanni suna jiran layi. Wannan ya sa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina Abuja, kuma a ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta ƙaura.

Duk da haka birnin bai durƙushe ba, domin ana iya ɗauke fadar mulki, amma ba a ɗauke teku. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum kimanin miliyan 9, ko da yake gwamnatin jihar ta ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. A 2023 aka ƙaddamar da sabuwar tasha mai zurfi a Lekki, tare da matatar man fetur ta Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhasan Ɗantata.

1.4 Hausawa a Ikko

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Ikko. A 1863 wani hafsan Ingilishi mai suna Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. Cinikin goro ya kafa zangon Agege, inda fatake kan kai shanu su komo da goro. Akwai kuma tsofaffin mazaunan Hausawa a Obalende da Idi-Araba. Kasuwar Mile 12 ita ce matattarar albasa da tumatir da tattasai na Arewa, mayankar Oko-Oba kuwa ta dogara da shanun Arewa. Kowane zango yana da Sarkin Hausawa mai sauke baƙi da sasanta rigingimu.

Wannan cuɗanya ta bar alama a harshe. Masana sun nuna cewa kalmomi irin su "ashana" da "akwati" da "agogo" daga Yarabanci Hausa ta aro su. Haka kuma Bahaushe yakan ce wane "ya tafi Kurmi" idan ya nufi kudu neman kuɗi.

Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. An yi rikicin ƙabilanci a Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. A 2021 kuma, da dillalan abinci da na dabbobi na Arewa suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, nan take farashi ya tashi a Ikko, yayin da tumatir ya riƙa ruɓewa a hannun manoman Arewa. Wannan ya nuna cewa kowane ɓangare ba ya wadatuwa sai da ɗan'uwansa.

1.5 Halayyar Birnin

Ikko gari ne na sauri da hada-hada dare da rana, inda ake auna mutum da abin da ya iya, ba da gidan da ya fito ba. Ƙarancin fili ya sa haya ta yi tsada, ana cike ruwa da yashi don a yi gini. Cunkoson motoci da ambaliya su ne manyan matsalolinsa. Manyan benayen Ikoyi da gidajen katako na masuntan Makoko duk a bakin tafki ɗaya suke.

1.6 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa tasha da layin dogo ne suka gina Ikko, kuma su ne suka ɗaure arzikin ƙasar Hausa da bakin teku. Wajibi ne malami ya koyar da tarihin birnin a matsayin wani ɓangare na tarihin Hausawa, domin yawancin yaran da zai koyar suna da ɗan'uwa ko maƙwabci da ke ci-rani a can.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda layin dogo ya sauya hanyar fataucin ƙasar Hausa.
2. Me ya sa Ikko ba ta durƙushe ba bayan 1991?
3. Kawo kalmomin aro biyar da Hausa ta samu daga Yarabanci, ka sa kowace a jimla.
4. Ziyarci wani ɗan kasuwa a unguwarku da ke safara zuwa Ikko, ka rubuta rahoto mai shafi biyu kan abin da yake kaiwa da abin da yake kawowa.